Yadda za ka sayi man CBD karon farko a Amurka ko Ingila ba tare da an cuce ka ba

Duk wanda ya zauna a Amurka ko Ingila cikin 'yan shekarun nan ya saba ganin haruffan nan uku, CBD, a kantin magani, a gidan mai, a shagon kayan kwalliya, har a jikin gwangwanin lemo. Mai ciwon gwiwa ya ji an ce yana rage zafi, mai fama da rashin barci shi ma an ba shi labari. Tambayar da namu suke fara yi kuwa ɗaya ce: shin wannan abu ba wiwi ba ne?

Daga tsiron wiwi ake fitar da shi, wannan babu ɓoye-ɓoye. Sai dai tsiron yana ɗauke da sinadarai iri-iri sama da ɗari, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Wanda ke sa maye shi ne THC. CBD ba ya sa maye. Wani masanin sinadarai a Amurka, Roger Adams, shi ya fara ware shi a 1940, sannan Raphael Mechoulam ya gano cikakken tsarinsa a 1963. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsantsar CBD bai nuna alamar yana kama mutum ya kasa dainawa ba. Irin wiwin da ake nomawa domin wannan kasuwa shi ne wanda za ka ga an rubuta "hemp" a jikin kwalba, wato wiwin masana'antu mai ƙarancin THC.

Matsalar mai saye ba a tsiron take ba, a kasuwar take. Kasuwa ce da sa ido ya yi ƙaranci a kanta, kuma yawancin aikin da zai kare ka a kan takarda ake yin sa, tun kafin kwalba ta shigo hannunka.

Mataki na farko: san dokar inda ƙafarka take

A Amurka, dokar noma ta 2018 ce ta buɗe ƙofa. Ta cire wiwin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen nauyinsa ba daga jerin haramtattun ƙwayoyi na gwamnatin tarayya. Amma kowace jiha da nata ƙa'idar. Idaho, alal misali, ba ta yarda da ko ɗigon THC a cikin kayan ba. Sannan a watan Nuwamban 2025 Majalisar Dokokin Amurka ta cusa wani sashe cikin dokar kasafin kuɗin da ta kawo ƙarshen rufe ma'aikatun gwamnati, wanda ya taƙaita THC zuwa miligiram 0.4 a kowace kwalba ko kunshi, aka kuma ba da wa'adin shekara guda kafin ya fara aiki. Saboda haka abin da maƙwabcinka ya saya bara ba hujja ba ce. Shiga shafin hukumar noma ko ta lafiya ta jiharka ka duba abin da ke nan yau.

A Ingila da Wales, CBD da ake sha ko ake ci ana ɗaukarsa a matsayin sabon nau'in abinci tun 2019, kuma hukumar kula da ingancin abinci, FSA, tana da jerin kayayyakin da aka bari su ci gaba da zama a kasuwa. Jerin yana kan shafinta, kowa na iya bincikawa da sunan kaya. In ba ka ga sunan ba, ka bar shi. Busasshen furen tsiron kuwa, wanda wasu shaguna ke sayarwa a matsayin shayi ko don a kunna, haramtacce ne a Birtaniya komai ƙarancin THC ɗinsa.

Mataki na biyu: duba aikinka da magungunanka

Wannan matakin shi zai gaya maka ko ma akwai buƙatar ka ci gaba da karantawa.

In kana tuƙin babbar mota, ko motar makaranta, ko kana aikin asibiti, ko kowane wurin da ake gwajin fitsari ba zato ba tsammani, ka yi tunani sosai. Gwajin ba CBD yake nema ba, ragowar THC yake nema, kuma ɗan abin da ke cikin wasu kwalabe na iya taruwa a jiki har ya bayyana. Ma'aikatar sufurin Amurka ta sanar a 2020 cewa "CBD na sha" ba uzuri ba ne in gwaji ya kama ka. Sojojin Amurka kuma an hana su shi gaba ɗaya. Ni a ganina, mai lasisin tuƙin kasuwanci bai kamata ya taɓa shi ba sam. Lasisin ya fi kwalbar daraja nesa ba kusa ba.

Sai magunguna. Hanta ce ke narkar da CBD, kuma tana amfani da hanyoyin da take narkar da wasu magunguna da yawa. In CBD ya tare hanya, maganin na iya daɗewa a jini fiye da yadda likita ya tsara. An san yana karo da warfarin, maganin tsinka jini, da clobazam da valproate na masu farfaɗiya, da tacrolimus na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Wata alama mai sauƙi: in takardar maganinka ta ce kada a sha shi da garehul, to akwai yiwuwar CBD ma zai yi karo da shi. Tattara duk kwalayen magungunanka, har da na hawan jini, na suga da na barci, ka kai wa mai harhaɗa magani a kantin da kake karɓa, ka ce masa kana son gwada CBD, ko akwai wanda zai yi rikici da shi. Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan tambaya, kuma ba shi ne karon farko da ya ji ta ba, don haka babu abin jin kunya.

Mai ciki, mai shayarwa, mai neman haihuwa da mai ciwon hanta, su haƙura. Yara kuma ba a ba su sai ta hannun likita.

Yana da kyau kuma ka san iyakar abin da aka tabbatar. Maganin CBD guda ɗaya ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi, wato Epidiolex, a watan Yunin 2018, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Ana ba da shi gwargwadon nauyin jiki, har ya kan kai ɗaruruwan miligiram a rana, tare da gwajin hanta lokaci-lokaci. Gwaje-gwajen da aka yi a Brazil kan fargabar yin magana a gaban jama'a, miligiram 300 zuwa 600 aka ba mutane a lokaci guda. Alewar da ke kan kanta kuwa miligiram 10 ko 25 ke cikinta. Wannan ba ya nufin ba za ta yi maka komai ba, amma duk kamfanin da ya rubuta cewa kayansa na warkar da kansa, ko suga, ko mantuwar tsufa, ya riga ya nuna maka halinsa. FDA ta sha aika wa irinsu takardun gargaɗi.

Mataki na uku: zaɓi nau'in da za ka fara da shi

Mai na ɗigawa a ƙarƙashin harshe shi ya fi dacewa da sabon shiga, domin kai ke ƙirga ɗigonka, kana iya ƙarawa ko ragewa. Ƙwaya da alewa sun fi sauƙin ɗauka amma sai sun bi ta ciki, su ɗauki awa ɗaya ko biyu, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke kaiwa jini. Man shafawa na gwiwa ko baya a wurin da aka shafa yake tsayawa. Sau da yawa sanyin da kake ji na mantoleta ne da aka haɗa a ciki. Na zuƙa ta sigarin lantarki, ka bar shi. Cutar huhun da ta kwantar da dubban mutane a Amurka a 2019 daga ruwan zuƙa na kasuwar bayan fage, galibi masu THC, ta fito.

A jikin kwalba za ka ga ɗaya daga cikin kalmomi uku. "Full spectrum" na nufin an bar sauran sinadaran tsiron, har da ɗan THC. "Broad spectrum" na nufin an yi ƙoƙarin cire THC an bar sauran. "Isolate" tsantsar CBD ne shi kaɗai. Masu sayarwa za su ce na farkon ya fi aiki saboda sinadaran na taimakon juna. Hujjar wannan magana ba ta da ƙarfi har yanzu. Wanda ke gudun THC, ko don aiki ko don addini, ya tsaya a kan na ukun.

Tunda an zo batun addini: hukunci na malamai ne, amma in za ka tambaya, kai wa malami cikakken bayani, cewa daga wane tsiro aka samo shi, cewa ba ya sa maye, da ko akwai ragowar THC a ciki ko babu. Akwai kuma abu biyu da kai da kanka za ka iya dubawa a jerin kayan haɗi. Wasu kwalaben da aka rubuta wa "tincture" da barasa aka haɗa su, don haka nemi wanda aka haɗa da man kwakwa, wanda ake rubutawa MCT, ko man zaitun. Alewar roba-roba kuma da yawa da gelatin ake yin ta, wanda galibi daga alade yake. Wadda aka yi da pectin daga 'ya'yan itace take.

Mataki na huɗu: karanta kwalbar da idon basira

Cutar da aka fi yi wa sababbin masu saye ita ce ta man iri. Man da aka tatsa daga ƙwayar irin tsiron abinci ne mai kyau a kan salak, amma kusan babu CBD a cikinsa, domin CBD a fure da ganye yake. Amazon na Amurka bai yarda a sayar da CBD a shafinsa ba, duk da haka za ka ga kwalabe da hoton ganye an rubuta "hemp oil" da wata lamba mai sifili da yawa, a farashin kofin shayi. Kwalbar kirki za ta faɗi CBD ko cannabidiol ɓaro-ɓaro, ta faɗi miligiram nawa ne a kwalba gaba ɗaya, nawa ne a kowane awo, ta ba da lambar rukunin da aka haɗa ta a ciki, da ranar lalacewa, da adireshin kamfani.

In ka ga "delta-8", "delta-10" ko "HHC", ajiye. Waɗannan ana sarrafa su ne daga CBD a ɗakin haɗa sinadarai, kuma suna sa maye. A gidajen mai sukan jera su a kanta ɗaya da CBD, cikin leda mai kama da ta alewar yara.

Mataki na biyar: takardar gwaji

A nan ya kamata ka ɓata lokacinka. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ta buga wani bincike da aka sayi kayan CBD guda 84 ta intanet aka gwada su. Kusan kashi 31 cikin ɗari ne kawai abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta a jiki. Wasu sun gaza, wasu sun zarce, kuma an sami THC a cikin guda 18. Sayen kwalba ba tare da ganin takardar gwajinta ba kamar sayen buhun hatsi ne a ɗaure ba a soka maka ka ga ƙwayar ba.

Takardar ana kiranta COA. Kamfanin kirki zai sa lambar QR a jikin kwali. Ka haska ta da waya, takardar ta buɗe. In lambar ta kai ka shafin talla kawai, ko aka ce ka aiko da saƙo za a turo maka wata rana, ka gama da su. In ta buɗe, bi ta kamar haka.

A saman takarda, duba sunan ɗakin gwajin. Dole ya zama wani kamfani ne daban, ba mai kayan ba, kuma ya kamata ka ga shaidar ISO 17025, wadda ke nuna an tantance ɗakin. Nemi sunan a intanet ka tabbatar akwai shi. Sai lambar rukuni: wadda ke kan takarda ta zama ita ce ke kan kwalbarka, harafi da harafi. Wasu kamfanonin sukan gwada rukuni ɗaya mai kyau su yi ta nuna takardarsa shekara da shekaru, don haka duba kwanan wata ma.

Daga nan sai teburin sinadarai. A ce kwalbar mililita 30 ce, an rubuta miligiram 600. To kowace mililita ya kamata ta ƙunshi miligiram 20. In takarda ta nuna 19 ko 21, babu laifi. Bambancin da bai wuce kashi goma cikin ɗari ba abin karɓa ne. In ta nuna 11, an sayar maka da rabin kaya a kuɗin cikakke. A layin THC, haruffan ND na nufin ba a gano shi ba a iyakar abin da na'urar ke iya gani. In kwalba ta ce babu THC amma layin ya nuna lamba, to wani ya yi ƙarya.

Kada ka tsaya a shafin farko. Wannan tsiro yana zuƙar abin da ke cikin ƙasar da aka shuka shi, har da dalma da sauran ƙarafa masu guba. Cikakkiyar takarda za ta nuna gwajin ƙarafa, maganin ƙwari, ragowar sinadaran da aka yi tatsa da su, da ƙwayoyin cuta ko fumfuna, kowanne da sakamakonsa. Takarda mai shafi ɗaya da ta faɗi ƙarfin CBD kawai, rabin magana ta faɗa.

Mataki na shida: lissafin kuɗi

Kada girman kwalba ya ruɗe ka. Raba farashi da yawan miligiram. Kwalbar dala 30 mai miligiram 300 ta kama senti 10 kowane miligiram. Ta dala 45 mai miligiram 900 ta kama senti 5. Duk da haka, a karon farko sayi ƙarama, domin ba ka san ko za ta karɓe ka ba. Ka yi hattara da tallan gwajin kyauta da ke neman lambar katinka don kuɗin aikawa. A ƙananan rubutun ƙasa sukan ɓoye cewa za a riƙa cire maka kuɗi duk wata. Haka nan tallan da ke liƙa hoton wani shahararre a ce kamfaninsa ne, yawancinsu na bogi ne.

Mataki na bakwai: ranar farko da makonnin da ke biye

Babu wani awo da aka tsayar wa kowa. Abin da ya fi kusa da ma'auni shi ne shawarar FSA. A 2020 ta ce baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 70 a rana, sai a watan Oktoban 2023 ta sauko da shi zuwa miligiram 10, saboda damuwa kan hanta da maƙoƙo in an daɗe ana sha. Miligiram 10 ɗin nan ɗigo huɗu ne zuwa biyar na man da ƙarfinsa kashi 5 ne cikin ɗari. Ka lura, alewa ɗaya a Amurka ta kan ninka wannan sau biyu da rabi.

Fara da miligiram 5, da yamma, a ranar da ba za ka yi tuƙi ba. Girgiza kwalbar, tsaya gaban madubi don ka ga ɗigon da kyau, ɗaga harshe, ɗiga, ka riƙe kamar minti ɗaya kafin ka haɗiye. Ɗanɗanonsa na ciyawa ne da ɗan ɗaci, haka yake. Abinci mai maiƙo yana ƙara yawan abin da jiki ke ɗauka har ninki huɗu ko fiye, don haka ka riƙa shan sa a yanayi ɗaya kullum: in bayan abincin dare ne, to ya zama bayan abincin dare. Kada ka haɗa shi da maganin barci.

Tsaya a kan wannan awo mako guda. Sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abu uku: nawa ka sha, ƙarfe nawa, da yadda abin da ya sa ka saya yake, daga ɗaya zuwa goma. Ba don ƙa'ida ba ne. Mutumin da ya kashe dala arba'in yana son ya ji sauƙi, kuma zuciya takan taya shi jin abin da babu. Littafin ba ya taya kowa. Bayan mako, in babu matsala kuma babu canji, kai shi miligiram 10. Wuce nan kuma shawara ce tsakaninka da likitanka.

Abubuwan da aka fi gani su ne jin barci, bushewar baki, gudawa da raguwar son abinci. In idonka ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko ka ji ciwo a gefen dama na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, daina nan take ka je asibiti da kwalbar a hannu. In kuma ka ji kanka na juyawa kamar maye, kwalbar ba abin da ta ce ba ce. Idan wata guda ya wuce lambobin littafinka ba su motsa ba, kada ka sayi ta biyu. Ajiye kwalba a wuri mai sanyi da duhu, nesa da hannun yara, musamman alewar.

Mataki na ƙarshe: kada ta shiga jakar tafiya

A cikin Amurka, jami'an binciken filin jirgi sun yarda da CBD da bai wuce iyakar THC ta tarayya ba. Da zarar jirgi zai ƙetare iyaka, lissafi ya canja. A Najeriya wiwi haramtacce ne a ƙarƙashin dokar 1966, hukumar NDLEA kuma, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsaye a filayen jirgin Legas, Abuja da Kano. Rasit ɗin kantin Houston ko Manchester ba zai yi maka amfani a gaban jami'inta ba. Ghana ta buɗe hanyar noman wiwin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 ba a dokarta ta 2020, wadda majalisa ta sake gyarawa a 2023 bayan Kotun Ƙoli ta soke sashen, amma wannan lasisin noma ne ga masu izini, ba damar shigowa da kwalba a aljihu ba.

Masu zuwa Umara ko Hajji, da masu yada zango a Dubai ko Doha, su ne suka fi buƙatar kula. A 2021 wata kotu a Dubai ta yanke wa wani matashi ɗan Birtaniya ɗaurin shekara 25 kan ƙananan kwalabe huɗu na ruwan zuƙa mai CBD da aka samu a motarsa, kafin daga baya a rage. Hong Kong ta haramta CBD gaba ɗaya daga watan Fabrairun 2023, mallakarsa kawai na iya jawo ɗaurin shekara bakwai. 'Yan kasuwa masu bi ta can zuwa Sin su riƙe wannan.

Kafin ka rufe akwati, zazzage jakar sabulu da man shafawa, ka laluba aljihun rigar sanyi, domin man gwiwa da man leɓe su ake mantawa da su. Kuma in Hajiya a gida ta ji labari ta ce a aiko mata don ciwon ƙafa, ka ba ta haƙuri ka nema mata likitan ƙashi. Jami'an NDLEA suna binciken kaya a kamfanonin aika saƙo kamar yadda suke yi a filin jirgi, kuma wanda sunansa da lambar wayarsa ke jikin kunshin shi za a fara nema.